Idan fitilar tsohon babur ta ɗauke da dare: shaidar bakanike daga Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a. Gyaran babur shi ne sana'ata a nan Sakkwato, kuma ɓangaren da na fi daɗewa a kai shi ne wayarin, musamman na tsofaffin baburan da iyayenmu suka hau: Honda CD175 da Roadmaster, Yamaha YB100, Suzuki A100, CG125 na farko, da Vespa. Har gobe suna kan titi. Za ka ga dattijo ya ɗaure fartanya a bayan nasa ya nufi fadamar Kwalkwalawa, ka ga saurayi ya gaji na mahaifinsa ya wanke shi tas yana zuwa Wamakko ko Bodinga da shi. Kamfanin Honda ya daina ƙera CD175 tun 1979, amma injinsa na nan da ƙarfinsa in ana ba shi mai da kulawa. Wuta ce ke ba masu irin waɗannan babura kunya, kuma ba ta tashi yin haka sai duhu ya shiga.

Shaidar da zan bayar ita ce: yawancin fitilun da ake kawo mana sun mutu, ba ƙwan ne ya fara laifi ba. Wani abu ne ya kashe shi. Mutum ya sayi sabon ƙwai ya saka, kwana kaɗan ya sake ƙonewa, sai ya ce kayan yanzu ba su da kyau. Gaskiya ne akwai ƙwai marar inganci a kasuwa, amma mai inganci ma ba zai yi rai ba in abin da ya kashe na farko yana nan.

Kafin komai, ɗan'uwa, ka san daga ina fitilarka take shan wuta, domin tsofaffin babura kashi biyu ne. Kashi na farko fitilarsu na sha kai tsaye daga kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar tagulla da ke cikin magneto, ɗan janaretan da ke jikin inji, bayan filawil, farantin nan mai maganaɗisu da ke juyawa tare da inji. YB100, A100, CG125 na farko da ya fito a 1975 da yawancin tsofaffin Vespa duk haka suke. Alamarsu a fili take: fitila ba ta kamawa sai inji na aiki, in ka murɗa totur haske ya ƙaru, in ka saki ya ragu. Batir a wurinsu na oda ne da sigina da wutar birki. Kashi na biyu, irin su CD175 da Roadmaster, komai daga batir yake sha, har da wutar fulogi, kwayil kuwa aikinsa cika batir ta hanyar rektifaya, wadda ke mayar da wutar kwayil irin wadda batir ke karɓa. Waɗannan da ka murɗa makulli fitila za ta kama ko inji bai tashi ba. Ka gwada naka da rana a ƙofar gida, minti ɗaya ya isa. Wanda bai san wannan ba zai tsaya cikin duhu yana laluben fiyus a babur ɗin da fitilarsa ba ta ma bi ta fiyus.

Yanzu ga lokacin da abin ya faru. Kana tafe tsakanin Shuni da Dange, ko kan hanyar Kware, sai gabanka ya yi baƙi ƙirin. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin mita kusan 17 a kowace daƙiƙa, idonka kuma ya saba da haske, ba zai ga komai nan take ba. Abin da jiki ke so shi ne ka damƙi birkin gaba, kuma shi ne abin da ke kayar da mutane, musamman a gefen titinmu da yashi ke kwanciya. Ka saki totur, ka riƙe kan babur a miƙe yadda yake, da babban yatsan hagu ka tura makunnin dim da ful zuwa ɗaya ɓangaren. Ƙwan gaba zare biyu ne a cikinsa, sau da yawa ɗaya ne ya tsinke, ɗayan zai kama. In bai kama ba, ka kunna siginar dama: ɗan hasken da take bayarwa yana nuna maka bakin kwalta, kuma na bayanka zai san akwai mutum a wurin. Sai ka taka birkin baya a hankali, ka haɗa da na gaba kaɗan, ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. Ba rabin babur a titi rabi a gefe ba. Direban tirela da ya taso daga Gusau ba zai ga babur marar danja ba sai ya zo kansa.

Kada ka yi saurin kashe inji. Mai magneto ba za ka iya gwada komai ba sai yana aiki, mai batir kuwa in batir ɗin ne ya yi sanyi, ka kashe shi yana iya ƙin tashi. Ka ɗora shi kan babban jak, ka zagaya ka dubi danja. Wannan duban shi ke raba maka hanya. In danja na ci, fitilar gaba kaɗai ta mutu, to wuta tana zuwa, matsalar tana tsakanin makunnin hannu da ƙwai. In duka sun mutu, gaba da baya da ɗan ƙwan mitar gudu, amma inji na aiki lafiya, to ko dai wayar da ta fito daga kwayil ta zare, ko makunnin fitila ya daina haɗawa, ko kuma ƙwayayen ne suka ƙone bi da bi. In kuwa babur mai batir ne, fitila ta ɗauke inji ma ya mutu a lokaci guda, oda ba ta kuka, fiyus ne ko kan batir ya kwance. CD175 fiyus ɗaya gare shi, na gilashi, kusa da batir ƙarƙashin murfin gefe, kuma komai ta cikinsa yake bi.

Akwai wani gwaji da ba ya buƙatar sifana ko ɗaya. Ka bar makunnin fitila a kunne, ka juya kan babur dama har ƙarshe, ka juya hagu har ƙarshe. In fitila ta yi walƙiya ta ɗauke, waya ce ta karye a wuyan babur. Nan ne duk wayoyi ke lanƙwasa a kowace kwana, shekara arba'in ko fiye, sai tagullar ciki ta gutsure robar waje tana nan lafiya. Ido ba ya ganin wannan karaya. Ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana ja a hankali da yatsa, wadda ta karye za ka ji tana miƙewa a wuri guda ba kamar sauran ba. Ka yanke wurin, ka fere bakin biyu, ka ƙara guntuwar waya domin kada ta yi gajarta ta sake tsinkewa a kwana ta gaba, ka naɗe da tef.

In wannan bai nuna komai ba, sai a buɗe fitila. Sukuru ɗaya ne ko biyu a ƙasan zoben. A nan ina roƙon masu tsofaffin baburan Japan su kula: kan sukurunsu ya ɗan bambanta da na sukundireban tauraro da ake sayarwa ko'ina, in ba ka danna da ƙarfi kana murɗawa ba, bakin zai zame ya cinye kan sukurun, ka tashi da matsala biyu. Ka zare ƙwan ka haska shi da tocila. Zare a tsinke, ko gilashi ya yi baƙi ko fari kamar hayaƙi a ciki, ya ƙone. In zarurrukan biyu lafiya suke, ka dubi ɗigon dalma biyu da ke gindinsa. Girgizar hanya tana cinye su har su lotsa, sai su daina taɓa maɓallan holda, wato mazaunin ƙwan. Ka goge su da sanfefa, ka goge na cikin holda, ka ɗan ɗago sifirin ɗin da bakin sukundireba bayan ka kashe wuta. Fitilu da yawa a nan suke farfaɗowa ba a kashe ko sisi ba.

Sai wayar at, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur. Ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi yawan laifi. Alamar rashinta tana da ban mamaki ga wanda bai sani ba: zarurrukan ƙwai biyu su yi ja tare, haske kamar garwashi, ɗan ƙwan da ke nuna ful a kan mita ya kama alhali kana kan dim. Dalili shi ne wuta ta rasa hanyar komawa, sai ta ratsa ta zare na biyu tana neman mafita. Wasu tsofaffin babura ma ta kwanon fitila da notinsa suke samun at, tsatsa da fenti su toshe hanyar. Maganin gaggawa: guntuwar waya daga jikin holda zuwa wani noti mai tsabta a firam ko a jikin inji, ka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari. Kada ka dogara da ƙarfen kan babur, domin tsakaninsa da firam akwai boris da giris, wuta ba ta ratsawa da kyau.

Launin waya yana taimakawa ƙwarai cikin duhu, in dai ba a taɓa yi wa wayarin kwaɗo ba. A Honda, koriya ita ce at, shuɗiya ful, fara dim, ruwan ƙasa danja, ja daga batir. A Yamaha, baƙa ce at, rawaya ful, koriya dim, shuɗiya danja. A Suzuki, baƙa mai farin layi ce at, rawaya ful, fara dim. Ka lura da koriyar nan: a Honda at ce, a Yamaha wuta ce. Yaron shago da ya saba da Honda in ya haɗa koriyar Yamaha da jikin ƙarfe, ya kashe dim ke nan da hannunsa. Shi ya sa nake hana yara haɗa waya da launi kawai, sai sun gwada da ƙwan gwaji, wato ƙaramin ƙwai da aka liƙa wa waya biyu. Ɗaya a jikin inji, ɗaya a wayar da kake zargi. In ya kama, wuta ta iso nan, ka matsa gaba. Inda ya daina kamawa, tsakanin nan da wurin da ya kama na ƙarshe ne ciwon yake.

Makunnin dim da ful shi ma yana da nasa. Ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da tsohon giris ta daskare, ruwan wurin wanki ya shiga ya bar tsatsa. Ka tura shi sama da ƙasa da sauri sau da yawa, wani lokaci ya goge kansa ya kama. In ya ƙi, ba sai ka buɗe shi a bakin titi ba, domin a ciki akwai ɗan sifirin da ƙaramar ƙwallo, in suka faɗa cikin yashi da dare sun tafi ke nan. Ka tsallake shi: a cikin kwanon fitila ka nemo wayar da ke kai wa makunnin wuta, ka haɗa ta kai tsaye da wayar dim.

In fiyus ne ya ƙone, ka tsaya ka yi tunani kafin ka saka wani. Fiyus na iya mutuwa don tsufa ko girgiza, amma galibi wata waya ce ta goge ta taɓa ƙarfe. Ka saka sabo mai lamba ɗaya da wanda ka cire, amfiya 10 ko 15 gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. In ya sake ƙonewa nan take, akwai waya tsirara, ka neme ta ƙarƙashin tanki, ƙarƙashin sit, da bayan danja inda taya ke gogar waya. Abin da nake roƙon kowa da girman Allah ya bari shi ne naɗa takardar azurfar kwalin sigari ko cusa waya mai kauri a madadin fiyus. Wayarin na bi ta ƙarƙashin tankin fetur ne. Fiyus na ƙonewa ne domin kada wayar ta ƙone, in ka hana shi, ita za ta ci wuta tsakanin cinyoyinka.

To, ga inda nake son a fi natsuwa, domin nan ne asirin ƙwan da ke ƙonewa kullum. Tsofaffin baburan magneto masu bolt 6 yawancinsu ba su da regileta, wato na'urar da ke hana ƙarfin wuta wuce iyaka. An auna kwayil ɗin ne daidai da nauyin ƙwayayen da zai ɗauka: na gaba wat 25, na danja da na mita 'yan wat kaɗan, ragowar kuma batir ya shanye. Kamar kaya ne da mutum uku suka ɗauka a kai, ɗaya ya zame, nauyin ya koma kan sauran. In ƙwan danja ya mutu ba ka sani ba, ko batir ya bushe, ko an cire shi gaba ɗaya don an ga babur na tashi ba shi, wutar da ke isa ƙwan gaba sai ta haura, musamman in ka buɗe totur a miƙaƙƙiyar hanya. Ƙwai mai zare ba ya jure wannan: ƙarin kashi 5 cikin ɗari a ƙarfin wuta yana rage kwanansa da kusan rabi. Haka in na gaba ne ya fara mutuwa, cikin ɗan lokaci danja da ƙwan mita za su bi shi. Saboda haka in fitilarka ta ɗauke, kada ka yi ta zuga totur wai ko za ta dawo, kana kashe danja ne, wadda ita kaɗai ta rage maka. Kuma duk ranar da ka canza ƙwan gaba, ka duba na baya da ruwan batir a zama ɗaya.

Maganar ruwan batir ba ƙarama ba ce a garin nan. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, ruwan batir na ƙafewa da sauri fiye da yadda littafin babur ya tanada. Batir mai bolt 6 ɗaki uku ne, mai 12 ɗaki shida, kowane ɗaki ruwansa ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke jiki. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ba asid ba, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid na nan. Ba ruwan rijiya ko na leda ba, gishirin cikinsu na kashe farantan. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, ruwan kanwa mai ɗumi yana wanke shi sarai, sai dai kada ɗigo ya shiga ciki, a bushe, a ɗaure, a shafa man basilin. In kana da mita, lafiyayyen batir mai bolt 6 yana nuna wajen 6.3 a hutu, in inji na gudu ya haura zuwa wajen 7 ko sama kaɗan. In bai motsa ba ko ka murɗa totur, caji ba ya zuwa.

Wannan rashin cajin shi ne ciwon masu CD175 da Roadmaster. Fitilarsu ba ta ɗaukewa farat ɗaya, raguwa take yi a hankali, ta yi rawaya, ta yi ja, sai inji ya fara tari domin fitila na cinye wutar da fulogi ke buƙata. In ka ga haka kana hanya, ka san mintoci suka rage maka, ka nufi wuri mafi kusa da ke da haske da mutane. Yawanci tsohuwar rektifaya ce, mai faranta jere masu launin lemo, wadda in ta ƙone take wari mai tsanani. Kada ka shaƙi hayaƙinta. Ana maye gurbinta da ƙaramar rektifaya ta zamani mai ƙafa huɗu, ba ta da tsada, ta fi ta aiki, a ɗaure ta jikin ƙarfe don ta riƙa huce zafi.

Mutane na tambaya me ya sa babur mai bolt 6 ya fi mai 12 rigimar wuta. Lissafi ne. Ƙwai mai wat 25 a kan bolt 6 yana jan fiye da amfiya 4, mai wat 35 a kan bolt 12 bai kai amfiya 3 ba. Ɗan datti a mahaɗar waya da zai ci bolt ɗaya, a babur mai 6 ya tafi da kashi ɗaya cikin shida na wutarka, kuma raguwar kashi 10 cikin ɗari a wuta tana rage haske da kusan kashi 30. Mahaɗa uku ko huɗu masu tsatsa sun isa su mayar da fitila ta zama aci-balbal ba tare da wani abu ya lalace ba. Maganinsa ba ƙwai mai wat da yawa ba ne, kwayil ba zai iya ciyar da shi ba, haske ma raguwa zai yi. A zare kowace mahaɗa a goge, a matse bakinta da filaya, duk inda aka murɗa waya aka naɗe da tef a kwance a liƙa da dalma, domin tef a zafin Sakkwato narkewa yake yi ya zame. Kuma a karanta rubutun gindin ƙwai kafin a biya kuɗi: yanzu kasuwa ta cika da na bolt 12 saboda Bajaj da Jincheng na 'yan kabu-kabu. Ka saka shi a mai 6, ja kawai zai yi. Ka saka na 6 a mai 12, ƙiftawa ɗaya ya ƙone. Gindin ma iri-iri ne, akwai mai faranti, akwai mai kunne biyu, ka tafi da tsohon a aljihu.

Idan an bi duk wannan wuta ba ta fitowa daga inji, sai a je ga kwayil, kuma wannan aikin shago ne da rana. Gargaɗi ɗaya ga 'yan'uwana bakanikai da masu koyon aiki: filawil ba a cire shi da guduma. Duka yana raunana maganaɗisun da ke ciki, yana iya lanƙwasa bakin kiranshaf, babur ya koma ga mai shi da haske rabin na da. Akwai abin zare shi na musamman, kuma a yawancin ƙananan baburan Japan zarensa na hagu ne, ana ɗaure shi ta inda aka saba kwancewa. Kwayil da ya ƙone za ka gan shi baƙi yana warin ƙuna. Masu naɗi suna sake shi, amma su ƙirga zagayen tsohon su yi amfani da waya mai kauri daidai da na tsohuwar, in ba haka ba an ɓata ma'aunin nan da na yi bayani, ƙwai ya dinga ƙonewa ko haske ya ƙi fitowa.

Game da ƙwan LED da ya zama yayi, ra'ayina a rabe yake. A babur mai batir yana da amfani, yana rage wa caji nauyi, in an sami na bolt ɗin da ya dace. A mai magneto marar regileta kuwa, in aka saka shi haka kawai, matsala ce: wutar kwayil mai kai da komowa ce, yawancin LED ba ita suke so ba, sai su dinga rawa su mutu, kuma da yake ba sa jan wuta sosai, ragowar na komawa kan danja ta ƙone ta. Sai an saka regileta, an kuma zaɓi wanda aka yi don irin wannan wuta. Ban da haka, tsohon kwanon fitila an ƙera shi ne don zare da ke zaune a wuri guda. LED marar kyau yana watsa haske ko'ina, ya kashe idon mai tahowa, kai kuma ba ka ganin rami. Wanda ka makantar, kanka yake tahowa.

A ce komai ya ƙi a bakin hanya. Mai magneto da kwayil ɗinsa ya mutu yana da dabara ɗaya: ya zare wayar da ke shiga ƙwai daga makunni, ya ja waya daga bayan fiyus ɗin batir zuwa dim. Amma batir ɗin waɗannan ƙarami ne, wajen amfiya 4 na awa guda, ƙwai kuma na jan fiye da haka, don haka abin da za ka samu bai wuce rabin awa ba in batir na da lafiya. Ya isa ya kai ka gari na gaba, ba gida mai nisa ba. In ful kaɗai ya rage, ka sassauta notin gefe biyu na kwanon fitila ka sunkuyar da ita ƙasa. In kuna tafe ku biyu, mai haske ya bi bayanka ta hagu kaɗan, yana haska maka gaba yana kare maka baya. Tocilar waya da ake riƙewa a baki ko a ba na baya, 'yan mitoci take haskawa. Da ita gudun da ya wuce kilomita 15 zuwa 20 ganganci ne, kuma amfaninta na gaskiya shi ne a gan ka. Hanyoyinmu da dare akwai amalanken shanu marar ko ƙyalle mai ƙyalli, akwai jakuna da raƙuma, akwai mota da ta lalace aka jera mata ganye. Bin bayan babbar mota don cin haskenta kuwa, ramin da ta tsallake tsakanin tayoyinta kai ne za ka faɗa.

Ga kuma halin tsaro da muke ciki, wanda kowa a jihar nan ya sani. Babur da ke tafe cikin duhu ba fitila abin zargi ne ga jami'an tsaro da 'yan sintiri, kuma ba za a ga laifinsu ba. In ka doshi shinge ko bakin ƙauye, ka sauka tun daga nesa, ka kunna tocila kana haska kanka, ka tura babur da ƙafa, ka yi sallama da ƙarfi. In hanya ta yi nisa, ka nemi gidan mai, teburin mai shayi ko masallaci, ka nemi alfarma ka kwana ko ka bar babur ɗin a hannun mai unguwa. Mutanenmu ba sa hana baƙo wannan.

Kayan da nake so kowane mai tsohon babur ya ajiye a akwatin gefe ba su da yawa: ƙwan gaba da na danja a naɗe cikin tsumma, fiyus biyu, waya mita ɗaya, tef, guntun sanfefa, sukundireba, sifana mai lamba 8 da 10, filaya, ƙwan gwaji, da tocilar goshi domin hannu biyu su samu aiki. In ƙwan halojin ne kada yatsa ya taɓa gilashinsa, maiƙon hannu na sa wurin ya yi zafi ya fashe.

Bayan gyara a daidaita haske, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Ka tsayar da babur a fili shimfiɗaɗɗe, mita 5 daga bango, ka zauna a kai. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa a yi alama a bango. Saman hasken dim ya tsaya wajen santimita 5 ƙasa da alamar. In kana yawan ɗaukar buhun albasa ko mutum a baya, ka auna da nauyin a kai, domin baya na nutsewa fitila ta kalli sama. Madubin cikin kwano in ya yi ƙura a zuba masa ruwa a girgiza a bar shi ya bushe, kada a dirje shi da tsumma, azurfar jikinsa siririya ce tana gogewa. Robar da ke tsakanin gilashi da zobe in ta tsage a canza ta kafin hunturu. Kuma in hazo ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, ka zauna kan dim, domin ful ƙurar yake haskawa ta dawo maka da shi ido.